Baffa da Ɗakin Kwamfutar Kurame

Neman tallafi wahala ce. Na yi shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma a kan rediyo da fanka, ban ga aikin da ya ci min rai kamarsa ba. Shekara shida muka yi ni da Baffa muna cike takardu, muna jiran amsar mutanen da ba mu san kamanninsu ba, ya kuma rasu bai ga ko batir ɗaya da aka saya da kuɗinsu ba. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauka labarin nasara zan bayar. Ni ba marubuci ba ne, a aji huɗu na firamare na tsaya. Sai dai na ga yadda ake mancewa da mutum tun ba a naɗe tabarmin makoki ba, shi ya sa na zauna nake buga wannan da yatsa biyu.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifin nawa. Aikin buga takardu ya yi a sakatariya har ya yi ritaya, kuma a gidansa na Ɗan Iya ya cika, ran wata Laraba da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

Kowa da abin da ya zo da shi wajen gaisuwa. Tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda suka rage, sun zo suna dogara sanda, suka ce a iya zamansu da shi ba a taɓa dawo masa da takarda don kuskure ba. Wasu maƙwabta biyu kuma, a bayan rumfa, ba su san ina jin su ba, suka ce mutumin kirki ne, amma ya ƙarar da kuɗin sallamarsa a kan tarkacen kayan wuta ya bar iyali ba komai. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba.

Waɗanda ba a yi tsammani ba su ne kurame. Ba wanda ya aika musu, su suka sanar da junansu ta waya. Kafin azahar keken haya na sauke wasu wani na tsayawa, daga Yelwa, daga Gwallameji, har daga ƙauyukan bayan gari. Da aka fito da makara, wani ƙato a cikinsu, kafinta ne, ya fashe da kuka. Kurma ba ya jin kansa, bai san yadda ake rage murya ba. Yadda abin yake a ƙirjinsa haka yake fitowa. Wani dattijo ya buɗe baki zai ba shi haƙuri, sai ya tuna, ya rufe bakin. Su suka ɗauki makarar suna karɓar juna har maƙabarta, da ƙyar 'ya'yan cikinsa suka samu suka sa kafaɗa. Wani a gefena ya tambaye ni su wane ne waɗannan. Na ce ɗalibansa ne. Ya ce ashe malami ne, na ce a'a, mai buga takarda ne.

Inna, matar Baffa, ta ce min a cikin gida ma matansu sun cika ɗaki, hannuwa na ta motsi. Ta ce duk gaisuwar da aka yi mata ran nan, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya a ciki ba ita ta fi sanyaya mata rai.

Ran sadakar uku Hamma ya ja ni gefe. Shi ne babban ɗan Baffa, ya girme ni da shekara biyu, ma'aikaci ne yana zaune a Gwallameji. Ya ce bayan arba'in za a zauna maganar gado. Ɗakin zaure da kuramen ke zama yana kallon titi, wani mai kemis ya riga ya yi magana a kansa, Inna kuma tana bukatar abin da zai riƙa shigo mata. Ya ce:

"In masu tallafin nan naku sun amsa kafin arba'in, a bar ɗakin yadda yake. In ba su amsa ba, ka zo ka kwashe kayan. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Hamma ba mugu ba ne, uwarsa yake dubawa. Na ce na ji.

Ga yadda ɗakin ya samu. Auta, 'yar ƙarshe ta Baffa, sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara uku, ta tashi ba ji. Ta yi makarantar kurame ta gama, ta dawo gida ta zauna, don duk inda aka kai ta neman aiki sai a ce to yaya za a yi a kira ta. Baffa ya ɗora ta a kan tsohuwar tafiretarsa. Cikin wata shida ta fi shi sauri. Yakan ce ai ba mai iya ɗauke mata hankali da surutu, da haka ma'aikatan sakatariya suke da an gama aikin jihar nan tun tuni. Da ya karɓi kuɗin sallama ya sayo kwamfuta uku 'yan gwanjo da firinta ɗaya, ya share ɗakin zaure ya zuba. Ƙawayen Auta suka fara zuwa, sai 'yan'uwansu maza. Suna koyon buga takarda da tsara katin biki da na suna, 'yan jami'a daga Yelwa na kawo musu aiki. Bai taɓa karɓar kwabo a hannun mai koyo ba. Wasu sun samu aiki a shagunan buga takardu a cikin gari.

In mutum ya ce musu bebaye a gabansa, Baffa ba ya faɗa. Sai ya ce, "Magana suke yi tun ɗazu, kai ne ba ka iya ba."

Matsalar ita ce wuta. A kawo ta awa biyu a ɗauke kwana biyu. Na haɗa musu batir biyu na babbar mota da wata tsohuwar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta gida, amma kullum ƙarfinsu raguwa yake, man janareto kuma ya fi ƙarfin fansho. Abin da muke nema ba shi da yawa: sola a kan rufi, sababbin batura, da kwamfutocin da ba sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin su farka ba. Ni aikina a ciki shi ne in hana tsofaffin mutuwa.

Wadda ta buɗe mana ido a kan tallafi Malama ce. Tana koyarwa a jami'a, Kirista ce daga wajen Bogoro, ƙaninta kurma ne yana zuwa ɗakin. Ita ta ce wa Baffa akwai ƙungiyoyi a Abuja da ƙasashen waje masu ba da kuɗi don irin wannan aiki. Ya ce to a ba shi adireshi ya rubuta musu wasiƙa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ba haka ake yi ba." Sai an yi wa ƙungiya rajista, sai asusun banki mai sa hannun mutum biyu, sai kwamiti da mata a ciki, sai hatimi, sai imel, sai an rubuta abin da za a saya da inda aka ji farashinsa. Shekarar farko a kan rajista kaɗai ta ƙare, kuma ni ake aika. Na hau keke zuwa ofisoshi har masu keken bakin layinmu suka daina tambayata inda za ni. A ce oga ya fita, a ce hoton nan bayansa ja ne fari ake so, a ce dawo Litinin. In na dawo ina zage-zage, Baffa ya ce in zauna in sha kunu, shi ma shekara talatin da biyar ya yi yana ce wa mutane su dawo Litinin, alhakinsu ne yake bin mu.

Bai taɓa yarda a fara cike fom a kwamfuta ba. Sai ya buga a tafireta da takardar kabon a ƙasa, ya ajiye kwafi, sannan Malama ta gyara shi ya zama irin Turancin da suke so ta zuba a intanet. Kullum kuma sai sun yi rigima a kan gaisuwa. Baffa zai buɗe da tambayar lafiyarsu, da iyalansu, da yadda suka ji da aiki, kafin ya shiga magana. Fom ɗin kuwa ɗan akwati ne mai ƙirga kalmomi, in ka wuce adadi ya ƙi karɓa. Malama ta yanke gaisuwar, shi ya mayar. Ya ce bai taɓa ganin inda aka shiga gidan mutum neman alfarma ba sallama ba. A ƙarshe suka daidaita a kan layi ɗaya, ya ce gaisuwar 'yan tasha ce amma ya haƙura.

Yawancinsu ba sa ma amsawa. Masu amsawar kuma duk abu ɗaya suke faɗa, sun yi farin ciki da aikinmu amma ba wannan karon ba. Kowace irin wannan amsa sai ya zauna ya buga mata wasiƙar godiya. Na ce masa na'ura ce ke aiko da su ba mutum ba, Malama ta faɗa. Ya ce ai wani ne ya kunna na'urar.

Akwai abin da ya yi min da sai bayan shekaru na gane. Na bar makaranta ina haɗa baƙi da ƙyar, kuma ina jin kunyar hakan fiye da yadda nake nunawa. Duk ran da na gyara kwamfuta, ba zai bar ni in tafi ba sai na zauna na gwada masa maɓallan ko duk suna aiki. Ya riƙa faɗa ina bugawa: sunana, sunan unguwa, wasiƙa zuwa ga wani da babu shi. In na yi kuskure ya ce wannan maɓallin ne mai gardama, sake danna shi mu gani. Shekara biyu ina gwada maɓallan da ba abin da ya same su. Bai taɓa cewa yana koya min ba, ni ma ban taɓa ce masa na gane ba.

A shekara ta huɗu wata ƙungiya ta ce mun tsallake matakin farko, za ta turo mutum biyu su ga wurin da idonsu. Malama ta karanta mana saƙon, washegari aka yi mata rasuwa ta tafi ƙauyensu. Aka bar mu ni da Baffa, ga kwana biyar a gabanmu.

A wurin Baffa ba masu bincike ne za su zo ba, baƙi ne za su taso daga nesa. Aka yi wa ɗaki fenti. Aka aro kafet daga gidan Hamma, da kujerun roba, da babban janareton wani Alhaji a layinmu. Ya lallaɓa wani mai shagon buga takardu ya ba da aron sababbin kwamfuta huɗu na yini ɗaya, don kowa ya samu wurin zama ya nuna abin da ya iya. Matattun allunan kwamfuta da tsofaffin batura ya sa aka tura ƙarƙashin gadonsa. Ya ce kowa ya sa kayan salla, wanda ba shi da su Baffa ya buɗe akwatinsa ya ba shi. Masa da miyar taushe Inna ta yi, aka yanka kaji uku. Kada in ɗora masa shi kaɗai: ni na ja wayoyin, ni na ɓoye su a ƙarƙashin kafet, kuma da na gama na ja da baya na ji daɗin aikina.

Malama ta iso da safen ranar, kai tsaye daga tasha. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli kafet, ta kalli kwamfuta bakwai suna haske, ta kalli kafinta cikin babbar rigar Baffa. Ta ce, "Baba, me kuka yi haka?" Ya ce ai ƙoƙarin yara ne. Ba ta samu ta ƙara magana ba motar baƙin ta tsaya.

Mace ce mai littafi a hannu da wani mai kyamara. Suka zaga, suka yi ta hoto, suka ci abinci har matar ta nemi a ƙunsa mata. Da za su tashi ta zauna kusa da Baffa, da Hausarta ta 'yan koyo, ta tambaye shi mene ne babbar matsalarsu a nan. Ina tsaye a bayansa, Malama na yi masa ido. Ya gyara zama ya ce:

"Alhamdulillahi, 'yata. Muna cikin rufin asiri."

Ta sake tambaya ta wata hanya, ya sake gode wa Allah, ya ce gajiyar hanyarsu ce ta fi damunsa. Ta rubuta, ta rufe littafi. Bayan wata biyu amsa ta zo. Wurin ya burge su ƙwarai, kuma tunda sun ga muna da kayan aiki da wuta, sun kai tallafin inda aka fi bukata.

Ran nan na yi wa Baffa abin da ban taɓa yi ba tunda ya ɗauko ni. Na same shi a zaure yana goge tafiretarsa, ban ko zauna ba. Na ce shi ya kashe mana wannan da hannunsa, shekara huɗu ina yawon ofisoshi ya ɓarar a kan kaji uku. Na ce a ina ya taɓa ganin an fita roƙo da babbar riga. Bai ɗago ba sai da na gama, sannan ya ce:

"Ni na yi roƙon, su ba su roƙi kowa ba. Ba zan jera 'ya'yan mutane cikin tsumma a ɗauke su hoto a kai garin da ban sani ba. Duk inda suka je kallon tausayi ake yi musu. A ɗakin nan ba a yi musu shi."

Na ce to su ci gaba da zama a duhu da mutuncinsu, na fita. Wata biyu ban taka gidan ba, shi ma bai aiko ba. Ran da inbata ta ƙone, Auta ce ta zo shagona a kasuwa. Ta ɗauki jakar kayan aikina ta kama hanya. Na rufe shago na bi jakata. Da na shiga, Baffa ya dube ni ya tambaya ko na ci abinci. Maganar ke nan. Daga baya Malama ta faɗa min ya ce mata aron kwamfuta da ɓoye batura kuskure ne, ya yarda, don ƙarya ce ko da ba da baki aka yi ta ba. Amma wanka da sutura da abincin baƙo, ko sau goma za su dawo haka zai yi.

Takarda ta ƙarshe da ya buga, sati uku kafin ya kwanta, ta wata ƙungiya ce dabam. A ciki ya rubuta komai yadda yake, har shekarun baturan. Da yana jinya, duk safiyar da na shiga gaishe shi ba ya tambayar komai sai ko sun amsa. Kwana goma sha biyu da rasuwarsa suka amsa. Za su turo mutum ɗaya ran Alhamis ya duba.

Na ce wannan karon ni ke da magana. Ran Laraba da yamma na sauke fankar sama. Na jawo matattun alluna da batura daga ƙarƙashin gadon Baffa na jibge su a tsakiyar ɗaki da ƙurarsu. Na yi wa Auta alama da 'yar maganar hannun da na iya, cewa kada a yi shara, kowa ya zo da kayan da yake aiki da su, in da masu yagewa ma ya fi.

Da na iso da safe na tarar an share, an yayyafa ruwa a ƙofar gida. Kafinta ya mayar da fanka. Duk sun zo fes, Auta cikin atamfarta ta salla. Kayan da na jibge ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ta goge su, ta jera su a jikin bango, kowanne ta manna masa 'yar takarda da ta buga a tafireta: abin da ya same shi, da tun yaushe. Inna tana takaba ba ta fitowa, amma ga kwanon masa a rufe a kan benci. Na fara faɗa, faɗan da ba mai ji sai Malama. Auta ta bari na gaji, sannan ta buga wani abu a wayarta ta miƙo min.

"Kayan ne suka lalace, Yaya. Mu ba mu lalace ba."

Na karanta sau biyu. Na nemi kujera na zauna.

Mutumin ya zo wajen ƙarfe sha ɗaya, dattijo-dattijo, a gajiye, a motar haya. Malama ta faɗa masa shugaban ƙungiyar ya rasu. Ya cire takalmi ya zauna ya yi mana gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya bi takardun jikin bango ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Kwana biyu ke nan ba wuta, don haka a kan batir muka kunna kwamfuta ɗaya. Ya ce ba ya son tafinta, ya rubuta tambayoyinsa a takarda Auta ta riƙa buga masa amsa. Tana tsakiyar amsa ta uku inbata ta yi ƙara, allo ya mutu. Ba wanda ya shirya wannan, haka yake yi kullum.

Sai ya juyo gare ni ya tambayi babbar matsalarmu. Wallahi amsar Baffa ce ta fara zuwa bakina. Na ce alhamdulillahi, don ba a fasa ta, amma ban tsaya a nan ba. Na faɗa masa wuta, da batura, da man janareto, da ɗakin da za a karɓe bayan arba'in. Ya rubuta duka. A bakin mota ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, masu nema suna da yawa, shi rahoto kawai zai kai, kuma amsa ba ta fitowa kafin wata uku, wani lokaci huɗu. Na tambaya ko za a iya hanzartawa. Ya ce ba a hannunsa yake ba.

Bayan la'asar Hamma ya biyo daga ofis ya tambayi yadda aka yi. Na so in ce masa sun ce sati biyu. Na faɗa masa wata uku, kuma ba tabbas. Yana kaɗa makullin mota ya ce to mai kemis zai zo ran Asabar ya auna wurin. Muna tsaye a ƙofar ɗakin, su Auta na ciki suna kallon bakinmu. Sun iya karanta fuska fiye da yadda muke so.

Na ce, "In haya ce, ni zan kama."

Ya ce, "Da me? Kai da kake kuka da hayar shagonka."

"Shagon zan saki. Abin da nake bayarwa can in ba Inna. Bencina ya shiga lungun can, su su zauna inda suke."

Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce shekara ashirin ina wurin nan a kasuwa, kowa can ya san ni, a cikin unguwa wa zai kawo min gyara in ba tsofaffi masu tocila ba. Ya ce in tallafin bai zo ba fa. Na ce to bai zo ba. Ya ce abin da mai kemis zai bayar ya fi nawa. Na ce na sani, a tambayi Inna. Muka shiga tare. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta saurare mu har ƙarshe, ta ce ita dai ba ta son warin magani a ƙofar gidanta. Hamma ya yi 'yar dariya, ya ce sauran magada shi zai yi musu magana, amma in na kasa kada in ji kunyar faɗa masa. Matata da na koma gida ta faɗi abin da ya fi na Hamma zafi, kuma tana da gaskiyarta.

Har yau da nake buga wannan ba su amsa ba, na kuma daina yi wa kowa alkawari. Baffa mutum ne mai taurin kai. Ya jawo mana asara, ya kuma yi min abin da ubana bai rayu ya yi min ba. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya tarar da sauƙi a inda ya je.

Washegarin maganarmu da Hamma, ina idar da sallar asuba na sha kunu na tafi kasuwa, kafin mutane su fito su fara tambayata. Na kwance benci, na sauke allon sunana, na tattara rediyoyin mutane da ba su zo karɓa ba. Maƙwabcina mai sayar da caja ya daɗe yana son wurin, na miƙa masa makulli na ce ya je ya ga mai shago. Keke biyu na cika. A Ɗan Iya bencin ya ƙi shiga lungun, sai da kafinta ya rage masa kamu ɗaya da zarto. Na ɗauko batirin shagona, shi ne mai sauran ƙarfi, na haɗa shi da inbata. Kafin hantsi kwamfuta ɗaya ta tashi. Auta ta ja kujera ta fara sake buga amsa ta uku don Malama ta aika wa mutumin, ni kuma na juya mata baya na buɗe cikin wata tsohuwar fanka.